Ana yin zufa a cikin ruwan zafi, kuma ana iya ganewa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutum yana zufa idan yana kwance cikin ruwan zafi, in kuma yana yi, ta yaya zai gane alhali jikinsa sharkaf yake. Ana yi ƙwarai, har fiye da yadda ake zato. Ni ciwon baya ne ya sa na yi kusan shekara biyu ina shiga bahon ruwan zafi sau biyu ko uku a mako, a nan na san abin.

Sashen jikin da ke cikin ruwa dai ba za ka ji zufarsa ba. Fatar ɗan Adam ba ta da wata jijiya ta musamman mai jin laima. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa abu biyu, sanyin da fata ta ji da motsin ruwa a kanta, sannan ta ce maka ka jiƙe. A cikin baho kuwa zufa na fitowa ruwa na tafiya da ita, ba sanyi, ba gangara. Don haka fuska da kai za ka sa wa ido.

Ni ba na jiƙa fuskata idan zan shiga. Bayan kamar minti goma sai in ji goshi ya fara tsattsafo, ƙananan ɗigo sun jeru a gindin gashi da saman leɓe. In share da tawul, kafin wani lokaci sun dawo. Na daɗe ina ɗauka tururi ne, sai ran da ɗigo ɗaya ya biyo ta gira ya faɗa mini ido, na ji raɗaɗi. Na lasa leɓena, gishiri-gishiri. Tururi ruwa ne zalla, ba ya ɗauke da gishiri, zufa ce ke da shi. Wannan ce shaidar da na fi yarda da ita.

Dalilin da ya sa take yawa shi ne, zafin jikinmu wajen digiri 37 ne, ruwan baho kuma yakan kai 39 ko 40. Zafi na shigarka ke nan, sai ƙwaƙwalwa ta buɗe ƙofofin zufa, waɗanda muke da su miliyan 2 zuwa 4 a jiki. To amma zufa ba ta sanyaya mutum sai ta bushe a iska, a cikin ruwa kuwa ina za ta bushe? Jiki bai samu sauƙin da yake nema ba, sai ya ƙara zubarwa.

In kana son ka gani da idonka, hau sikeli babu kaya kafin ka shiga, ka sake hawa bayan ka fito ka goge jikinka sosai. Ni na taɓa ganin kusan rabin kilo ya tafi. Ba ƙiba ce ta narke ba, ruwa ne, don kilo ɗaya kusan lita ɗaya ke nan.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da muhimmanci, wata rana na daɗe a ciki, na miƙe farat ɗaya, sai idona ya rufe, kunnena ya ɗauki ƙara, da ƙyar na dafa bango. Zafi yana buɗe jijiyoyin jinin fata, ƙarfin gudun jini ya sauka, ga ruwan jiki ya ragu ba ka sani ba. Tun daga ranar nake shan ruwa kafin in shiga, ba na wuce minti 15 zuwa 20, kuma da na ji zuciyata na bugawa da sauri nakan zauna a bakin bahon tukuna kafin in tashi. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya kam su fara tambayar likita.

Bayan ka fito ma za ka ga ka goge jiki tas amma baya da ƙirji sun sake jiƙewa. Zafin ne bai gama fita ba. Nakan zauna inda iska ke kaɗawa har zufar ta tsaya, sannan in sa riga.