Tambaya da Amsa: Iskar da Ke Fitowa Daga Bangon Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A watan jiya an kwantar da jikata, wadda aka haifa bakwaini, a wani babban asibiti, kuma ni na yi zaman jinyar uwarta. Na lura babu tukunyar oksijin ko ɗaya a ɗakin jariran, sai dai a soka wata siririyar roba a jikin bango, iska ta riƙa zuwa hancin jaririya, alhali a asibitin garinmu sai an turo tukunyar ƙarfe a kan amalanke. Daga ina wannan iska take zuwa? Tana ƙarewa? Kuma yaya ake tabbatar da cewa oksijin ce ba wata iska ba, tunda ido ba ya ganinta? Daga wata kaka a Jihar Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya mana jikar, Ya ƙara wa mai jego lafiya, Ya saka miki da alheri kan wahalar jinya. A bayan wannan bango akwai bututun jan ƙarfe da aka bi da shi ta cikin silin da lunguna, kamar yadda ake jan ruwan famfo, daga wata ma'ajiya da ke wajen gini har zuwa kan kowane gado. Ba oksijin kaɗai ake ja ta wannan hanya ba. Akwai bututun tsabtatacciyar iskar numfashi da na'urorin taimaka wa huhu ke aiki da ita, akwai na iskar naitiros oksaid da ake amfani da ita wajen sa barci a ɗakin tiyata, sannan akwai wani bututun da ba ya kawo komai, zuƙa yake yi, domin janye majina da jini.

Ma'ajiyar oksijin iri uku ce. Ta farko ita ce manyan tukwanen da kika sani, a jere su cikin ɗaki guda, rabi a dama rabi a hagu, idan ɓangare ɗaya ya ƙare na'ura ta juya da kanta zuwa ɗayan. Ta biyu ita ce dogon farin tankin da ake gani a harabar wasu manyan asibitoci, wanda bututun gefensa ke yin ƙanƙara ko a tsakiyar zafin bazara, saboda oksijin ɗin da ke ciki an sanyaya shi har ya zama ruwa, abin da ba ya faruwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da sifili. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana ba da iska kimanin lita 860, shi ya sa tanki guda yake maye gurbin ɗaruruwan tukwane. Ta uku ita ce injin da ke tace oksijin daga iskar sarari. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kashi 78 kuma naitirojin ne, to sai injin ya matsa iskar ta cikin wasu ƙwayoyi masu kama da tsakuwa da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin, oksijin mai tsabtar kusan kashi 93 cikin 100 ya wuce. Irin waɗannan injina ne Gwamnatin Tarayya ta amince a kafa a wurare 38 a watan Janairun 2021, kan kuɗi naira biliyan 6.45, lokacin da cutar korona ta tona asirin ƙarancin oksijin a asibitocinmu. Amfaninsu shi ne ba a jiran motar kamfani, amma kuma ba sa yafe ɗaukewar wutar lantarki ko ta minti kaɗan, kuma ƙurar hunturu tana toshe matatunsu idan ba a kula.

Ƙwarai kuwa tana ƙarewa, Hajiya, kuma tana iya yankewa alhali tankin a cike yake. Babbar tukunya guda tana ɗauke da kimanin lita 6,800, wadda za ta kai sa'a 11 ga babban mutum da ke shan lita 10 a minti, amma ba za ta cika sa'a 2 ba ga wanda aka sa wa na'urar da ke tura lita 60 a minti. A ranar 21 ga Afrilun 2021, a wani asibiti da ke birnin Nashik na Indiya, tankin oksijin ya yi yoyo ana tsakar cika shi, iska ta yanke na kimanin rabin sa'a, marasa lafiya fiye da 20 suka rasu. Saboda irin wannan ne ƙa'idar duniya mai lamba ISO 7396-1 ta shar'anta cewa kowane asibiti ya kasance da mafita uku: ma'ajiyar da ake aiki da ita, ta biyu mai karɓa nan take idan ta farko ta gaza, da ta ajiya don ranar da biyun suka gaza. Haka kuma dole a sami allon gargaɗi mai fitila da ƙararrawa a inda ma'aikatan jinya ke zama dare da rana. Abin da ke damuna shi ne na sha tarar da irin wannan allo an cire masa waya saboda wai ƙararsa tana hana marasa lafiya barci.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ke hana masu sana'armu barci. Oksijin ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, saboda haka likita komai ƙwarewarsa ba zai iya bambance shi da wata iska ba idan sun fito daga bango, abin da aka rubuta a bakin bututun kawai yake gaskatawa. Kariya ta farko ita ce an ƙera bakin kowace iska da siffa daban, ta yadda kan robar oksijin ba zai shiga ramin naitiros oksaid ba ko da an danna da ƙarfi. Ta biyu ita ce launi, amma a nan akwai tarko, domin a tsarin da Turai da akasarin duniya ke bi fari shi ne oksijin, ruwan ɗorawa kuma zuƙa, alhali a Amurka kore ne oksijin, fari kuma zuƙa. Siffar bakin ma ta Ingila daban, ta Jamus daban, ta Faransa daban. Asibitocinmu kuwa cike suke da kayan gudummawa daga ƙasashe barkatai, kuma idan kai bai dace da rami ba, sai a garzaya wurin mai gyaran ƙarfe ya sassaƙa mahaɗi. Wannan mahaɗi na kasuwa yana rushe kariyar da aka gina gaba ɗaya, kuma ina roƙon shugabannin asibitoci su haramta shi.

Duk da haka, siffa da launi ba sa amfani idan an haɗa bututun a karkace tun daga cikin silin. A shekarar 2016, a asibitin Bankstown-Lidcombe da ke birnin Sidni na Ostireliya, an ba jarirai biyu naitiros oksaid daga bakin da aka rubuta wa oksijin, ɗaya ya rasu, ɗaya kuma ta sami mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna an yi kuskuren haɗin ne tun lokacin wani aiki da aka yi a shekarar 2015, kuma ba a gwada bakin yadda ya kamata ba kafin a fara amfani da shi. Ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ke nan. Gwajin da aka tsallake ba mai wuya ba ne: a saki iska ɗaya tak cikin bututu, a bi kowane baki ɗaya bayan ɗaya da na'urar auna oksijin, a rubuta sakamako, sannan a koma kan iska ta gaba, kuma wanda zai tabbatar da gwajin kada ya zama shi ne ɗan kwangilar da ya yi aikin. Ana maimaita wannan duk lokacin da aka yanka bututu, ko da ƙarin gado ɗaya aka yi.

Na taɓa zuwa duba wani sabon ɗakin yara a wani asibiti da ba zan ambata ba. Fenti sabo, gadaje sababbi, ana ta shirin bikin buɗewa. Na kara farin ƙyalle a bakin oksijin na gado na farko na buɗe iska, da na ɗaga ƙyallen sai ga baƙin gari a jikinsa kamar an karkaɗe gindin tukunya. Ashe mai aikin famfon ruwa aka ba aikin, ya sayo bututun da ba a wanke wa maiƙo ba, ya kuma yi walda ba tare da ya riƙa busa naitirojin ta ciki ba, shi ya sa cikin bututun ya ƙone ya yi ɓawo. Wannan garin da huhun jarirai zai nufa. An ji haushina ranar domin an ɗage bikin, amma sai da aka sauke bututun gaba ɗaya. Oksijin magani ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma bututun da ke ɗauke da shi ya cancanci irin tsantsenin da ake yi wa allura. Don haka ne ma, Hajiya, mai jinya bai kamata ya murɗa ma'aunin da ke bango da niyyar ƙara wa jariri iska ba, domin oksijin da ya wuce kima yana iya lalata idon bakwaini har ya makance.

Tambaya: Injiniya, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu haɗari. Bakin zuƙa na bangonmu ya yi rauni ƙwarai, har sai mun jawo ƙaramin injin zuƙa mai taya. Laifinmu ne ko na masu gyara? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin a nemi mai laifi a fara gano inda matsalar take, kuma wannan kina iya yi da kanki cikin minti biyu. Ki cire kwalbar tara majina da robarta, ki toshe bakin ma'aunin da yatsa, ki buɗe shi gaba ɗaya ki dubi allurar. Lafiyayyen baki ya kamata ya ja aƙalla milimita 300 (mmHg) a agogon da ke jikin ma'aunin. Idan ya kai, to matsalar tana tsakanin ma'aunin da mara lafiya: murfin kwalba ya tsage, ko robar murfin ta bushe, ko matatar ta jiƙe, ko ƙwallon da ke toshe hanya idan kwalba ta cika ya maƙale a sama. Idan bai kai ba, ki gwada bakin gadon da ke kusa. Baki ɗaya ne mai rauni, to shi ya toshe. Duka ɗakin ne, to sai a duba babban bututu ko ɗakin injina.

Abin da ya fi kashe bututun zuƙa shi ne barin kwalba ta cika ta tumbatsa, jini da amai su shige bango, su bushe a ciki, hanya ta riƙa tsukewa wata bayan wata. Na biyu shi ne barin bakuna a buɗe ba a amfani da su, domin kowane buɗaɗɗen baki yana satar ƙarfin sauran, kuma yana sa injin aiki ba hutu. A ɓangaren masu gyara kuwa, ɗakin injina dole ya kasance da famfon zuƙa aƙalla biyu, ɗaya yana iya ɗaukar nauyin asibitin idan ɗayan ya tsaya, da matatun ƙwayoyin cuta da ake sauyawa a kan lokaci. Iskar da injin ke fitarwa gurɓatacciya ce, saboda haka ana kai bakinta can sama nesa da tagogi, nesa kuma da inda injin iskar numfashi ke shaƙa. Ita wannan mashaƙar ma kada ta kusanci hayaƙin janareta, domin abin da ta shaƙa shi za ta kai wa mara lafiya. Ki rubuta ƙorafinki a littafin gyara da kwanan wata da lambar gado, kuma kada ku mayar da ƙaramin injin nan sito ko bayan an gyara, domin shi ne madogara ranar da bango ya yi shiru.

Tambaya: An hana ni shafa wa mahaifina basilin a leɓe lokacin da yake kan oksijin, ga shi hunturu ya farfasa masa baki. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Oksijin da kansa ba ya cin wuta, amma yana sa duk abin da ke ci ya kama da sauri ya kuma ci da tsanani, kuma maiƙo da man shafawa da aka yi da ɗanyen mai suna kan gaba. Bargo da gashin gemu da matashi suna riƙe iskar da ke zubowa daga robar hanci, ƙyastu ɗaya ya ishe su. A daren 24 ga Afrilun 2021 fashewar tukunyar oksijin ta tayar da gobara a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, mutane aƙalla 82 suka rasu. Saboda haka ban da basilin, a nisanta kaskon turaren wuta da risho da sigari da cajar waya mai tartsatsi daga gadon. Ka roƙi ma'aikatan jinya su ba ka man leɓe wanda aka haɗa da ruwa, su kuma duba ko kwalbar jiƙa iskar da ke jikin ma'aunin tana da tsabtataccen ruwa, domin busasshiyar iskar bututu tana ƙara bushewar hanci da baki. Ka kuma tambaye su inda akwatin makunnin oksijin na ɗakin yake, galibi a bango kusa da ƙofar shiga, ba don ka taɓa ba, sai don kada kai ko wani mai jinya ya jingina tabarma da kwanukan abinci ya tare shi.