Aron tsari ba sata ba ne, amma ka san yadda aka jera

Ka ce kana so ka rubuta laburaren lissafi, wato tarin kod da wasu za su riƙa kira, a harshen kwamfuta na C, ka ari tsarin NumPy, laburaren lissafi na harshen Python, kana tambaya ko sata ce. Wace sata kuma, ɗana? NumPy ɗin da ya fito a 2006 shi ma LAPACK yake kira, wani tsohon laburaren lissafin jadawalin lambobi, LAPACK kuwa da harshen Fortran aka rubuta shi tun 1992. Harsunan R da Julia da Octave duk ƙofar LAPACK suke ƙwanƙwasawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Batun lasisi da sanya wa aiki suna ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba bai isa zama a shagona ba.

Abin da zai ci ka daban ne, ni ma ya ci ni. Shekarun baya wani kamfanin masu awon filaye ya kawo min tsohon kod na Fortran in mayar musu da shi C. Fortran yana jera jadawalin lambobi a ƙwaƙwalwar kwamfuta layi-layi a tsaye, yana ƙirga daga 1. C a kwance yake jerawa, daga 0. Na kula da ƙirgar, jerin ya sha min kai. Da na zo gwaji kuma, sai na sa jadawalin da ko an juya shi fuskarsa ɗaya ce, komai ya fito daidai. Ranar da suka sa ainihin awo, fulotin da ya kamata ya karkata dama sai ya karkata hagu.

Laifina ne, na amsa. Kwana uku ban runtsa ba na gyara, na kai musu da ƙafata. Manajan ya karɓa yana murmushi, ya ce cikon kuɗina ya tafi a asarar da na jawo, alhali ko turke ɗaya ba su kafa da kuskuren ba. Har yau da aikina suke cin abinci. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kwafa ku manna kawai kuka iya, in ya tashi babu jan rubutun kuskure sai ku ce an gama. Ka san -7 % 3, wato ragowar raba -7 da 3, a Python yana ba da 2, a C kuwa -1? Alama ɗaya, hali biyu.

Gobe ka zo min da jadawali mai layi 2 a kwance, 3 a tsaye, kowace lamba daban. Ka wuce da shi daga C zuwa LAPACK ya dawo a gabana, sannan mu yi maganar laburare.