Fesa farar wuta a sama da abin da za ta yi wa ozon

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaya ko da gaske ne za a iya fesa ƙura a sama a rage zafin duniya, kuma ko masana sun saba yin haka. Ba su saba ba, har yau mafi yawanta magana ce ta lissafi da kwamfuta. Ko ɗan gwajin balan-balan da jami'ar Harvard ta shirya a Suwidin a 2021 dakatar da shi aka yi.

Dabarar daga duwatsu masu aman wuta aka ɗauko ta. A 1991 dutsen Pinatubo na Filifin ya watsa iskar farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 can sama. Ta haɗu da tururi ta zama ƙananan ɗigon asid masu mayar da hasken rana, duniya ta yi sanyin kusan rabin digiri, bayan shekara biyu ƙurar ta sauko. Mai son kwaikwayon wannan sai ya kai kayansa nisan kilomita 20, jiragen fasinja kuwa wajen 11 suke tafiya.

To, a nan gizo ke saƙa. Daidai wurin ne ozon yake, bargon iska da ke tare hasken da ke jawo sankarar fata da yanar ido. Sinadarin kulorin mai cin ozon da iskar tsofaffin firij ta kai sama yana nan, mafi yawansa a ɗaure, ba ya ɓarna. Ɗigon asid ɗin nan kuwa a jikinsu ake kwance shi, kuma ƙwayar kulorin ɗaya tana cinye dubban ƙwayoyin ozon kafin ta lafa. Bayan Pinatubo an auna, an ga ozon ya ragu. Tun yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta taƙaita amfani da iskar firij ɗin, ake jinyar ramin da ke jikin bargon ozon a kan Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ana sa ran warkewarsa wajen 2066. A ganina fesawa kafin kulorin ya ragu fama gyambo ne.

Kada ka ɗauka kuma yawan fesawa shi ne yawan sanyi. In aka cika, ɗigon sai su manne da juna su yi girma, su rage mayar da haske, su yi saurin faɗowa. Suna kuma ɗumama saman da suke ciki, iska ta sauya hanya, damina ta karkace, musamman in ɓangare ɗaya na duniya aka fesa wa.

Hayaƙin kabon da ke jawo zafin dai yana nan inda yake, teku na ci gaba da tsami. Ranar da yaƙi ko rashin kuɗi ya tsayar da jiragen fesawar, zafin da aka danne shekara da shekaru zai dawo cikin ƴan shekaru, da saurin da amfanin gona da dabbobi ba za su iya bi ba.