Gonakin inabin Lavaux: ƙafa za ta kai ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan halarci wani taro a Jeniba a ƙarshen watan Satumba, kuma akwai rana guda da ba mu da zama. Abokan aikina Turawa suna son mu je gonakin inabin Lavaux su ɗanɗana giyar can. Ni ba na sha, ba na kuma tuƙi a ƙasar waje. Akwai abin da zan gani? Ƙafa za ta kai ni?
Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ai rashin motar ma ya fi. Hanyoyin cikin gonakin ƙanana ne, manoma ke bin su da taraktocinsu, wurin ajiye mota a ƙauyukan kuwa sai an sha wuya. Masu ɗanɗanawar ma bai kamata su riƙe sitiyari ba.

Lavaux gangaren tsauni ne a bakin tafkin Jeniba, tsakanin Lausanne da Montreux a Suwizalan. An yanka shi hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse, aikin da malaman Kirista masu zaman zuhudu suka faro ɗaruruwan shekaru da suka wuce. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Hanyoyin ƙafar a buɗe suke ga kowa, kyauta.

Daga Jeniba ki hau jirgin ƙasa zuwa Lausanne, tafiyar kusan minti 40, sai ki sauya zuwa ƙaramin jirgin da ke bin bakin tafki ta Lutry, Cully, Epesses, Rivaz da Saint-Saphorin. Ki yanki tikiti kafin ki shiga, a na'urar tasha ko a manhajar waya ta kamfanin jiragen ƙasan Suwizalan, SBB Mobile, domin tara ake cin wanda aka samu babu shi.

Sananniyar hanyar ƙafar ta tashi daga Saint-Saphorin zuwa Lutry, kimanin kilomita 11, awa uku da wani abu ga wanda ya saba. Ba mu ba baƙo shawarar ya yi ta duka. Inda aka fi yin kuskure shi ne farawa daga bakin ruwa a nufi sama: matakalan dutsen a tsaye suke, kafin a kai rabi numfashi ya ƙare. Gara ki wuce da jirgin har garin Vevey, gaba da Saint-Saphorin, ki hau jirgin da ke haurawa ƙauyen Chexbres, wajen minti 10, ki gangaro da ƙafa zuwa Rivaz ko Saint-Saphorin cikin ƙasa da awa guda, tafkin na gabanki. In da sauran ƙarfi, ki miƙe daga Rivaz zuwa Epesses ta gonakin Dézaley, inda gangaren ya fi tsanani. Ki riƙa bin alluna masu launin rawaya. Sai dai ki duba lokacin jirgin komawa tun da wuri, don a wasu ƙananan tashoshin sau ɗaya yake tsayawa a awa.

Ki sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa, doguwar riga kuma kada ta riƙa jan ƙasa a kan matakala. Inuwa babu ita sosai, ga hasken rana na dawowa daga ruwa, ga katangun dutse sun ɗau zafi, don haka ki riƙe ruwa lita ɗaya ko fiye. Ruwan famfunan ƙauye ana sha, sai wanda aka rubuta wa "eau non potable".

Ƙarshen Satumba bakin kaka ne, masu gona suna can wajen tsinkar inabi. Abokan tafiyarki su buga waya su tsayar da lokaci, in ba haka ba ƙofa a rufe za su tarar. Wurin da ya fi sauƙin shiga shi ne cibiyar ɗanɗana giyar yankin, Lavaux Vinorama, a Rivaz, amma shi ma a duba ranakun buɗewarsa. Ke kuwa ki tambayi "jus de raisin", ruwan inabin da bai zama giya ba. Ba kowane gida ke da shi ba, a tambaya tun a waya. Nonon inabin da ke lilo a bakin hanya amfanin gonar wani ne, ba a tsinka.

In an zauna cin abinci ki lura: narkakken cukun da ake kira fondue da farar giya ake dafa shi, tsiran yankin kuma yawanci na alade ne. Soyayyen kifin tafkin ya fi, ki dai tambaya me aka zuba a miyarsa.