Amsa ga Hajiya kan fankar waje ta AC da ta tsaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, barkanmu da wannan zafi. Hajiya, ranki ya daɗe, yanzu na saurari saƙonki, ina kan aiki ne shi ya sa ban amsa da wuri ba. Kin ce na cikin ɗaki yana hura iska amma babu sanyi, da yaro ya leƙa na waje sai ya ji yana gurnani, fankar kuma ba ta juyawa, bayan 'yan mintoci ya yi shiru.

To Hajiya, kafin komai, don Allah ki sa a kashe shi daga makunnin bango yanzun nan, ba da rimot kaɗai ba. Wannan gurnanin da ake ji kwamfiresa ce, wato injin da ke matsa gas yana zagaya shi, take aiki ita kaɗai. Aikin fankar waje shi ne ta ja iska ta ratsa waɗannan siraran ƙarafan na baya, ta kwashe zafin da gas ya ɗauko daga ɗakinki. Idan ta tsaya, zafin bai da inda za shi. A watan Afrilu a nan Kano rana tana wuce digiri 40, ga injin a jikin bango rana na dukansa. Shirun da kika ce yana yi, wani ɗan abu ne a jikin kwamfiresar yake yanke mata wuta idan ta ɗau zafi. Ta huce ta sake tashi, ta sake zafi, a haka a haka har ta ƙone. Ita ce kuwa mafi tsada a jikin injin gaba ɗaya. Wallahi ina jin takaici duk lokacin da na je gida na tarar an rasa kwamfiresa saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Bayan an kashe, a sami busasshen kara ko siririn itace, a zura ta ragar gaba a tura fiffiken. Kar wanda ya sa hannu. Idan ya ƙi motsi ko yana juyawa da ƙyar, to ko dai wani abu ya maƙale, leda ko sheƙar tsuntsu, ko kuma boris ɗin moton ne ya cije saboda ƙurar hunturu da ta taru wata da watanni. Amma idan an tura ya juya sumul, to ni zargina ya fi ƙarfi a kan kafasita. Wani ɗan ƙaramin abu ne da yake ba moton ƙarfin tashi, kuma zafi shi ne babban abokin gabarsa, sai wuta mara ƙarfi da ake kawowa ana ɗaukewa. Shi ya sa da bazara muka fi canza shi.

Wannan wurin kuma a bar wa mai gyara, domin kafasita yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe injin, yana iya jan mutum. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne lambar da ke jikinsa. Na fanka ƙarami ne, za ki ga an rubuta kamar 2 ko 2.5 ko 3 uF, da 450V. Na kwamfiresa shi ne babban, kamar 30 ko 35. Wani injin an haɗe su biyun a gwangwani ɗaya mai baki uku. Dole a sa mai lamba irin ta tsohon. Idan aka sa wanda ya fi shi, fanka za ta tashi kam, amma moton zai riƙa zafi har ya mutu. Kuma mai gyaran ya gwada tsohon da mita a gabanki, don ba kowane matacce ne yake kumbura ba.

Idan wani ya zo bai ko buɗe murfin ba ya ce miki gas ne ya ƙare, kar ki yarda. Ƙarancin gas ba ya hana fanka juyawa a irin wannan injin.

Au, na manta ban tambaye ki ba, naki mai inbata ne, wato irin wanda kwamfiresarsa ke rage gudu da ƙarawa maimakon tsayawa da tashi? Da yawa daga cikin masu inbata fankarsu ba ta da kafasita, allon lantarki ne yake tuƙa ta, kuma ƙadangaru suna son shiga wurin su haɗa wuta. In shi ne, maganar ta canza.

Ki sa yaron ya ɗauki hoton takardar da ke manne a gefen na waje ya turo nan, zan gaya miki. Daren yau dai a yi haƙuri da fankar sama, gobe bayan azahar in sha Allahu zan shigo unguwarku.