Kuɗin yana kunnen doki

Kai yaro, wai yaya ake gane moɗar tangaran mai fuskar sarki idan an taɓa yi mata gyara? Kullum kana goge su, amma idonka na kan waya. Tambarin zaki da kambi na kamfanin da ya yi su, Royal Doulton, da ke gindi kuwa ba zan ɓata yawuna a kansa ba, ɗan koyo na jiya ma ya san shi.

Ɗauko ta Sarki Henry na Takwas ɗin can. A 1975 aka fito da ita a Burslem ta ƙasar Ingila, aka kuma yi masu fuskokin matansa shida. Ku yaran yanzu fuska kuke kallo, mu mariƙi muke dubawa. Na Anne Boleyn gatari ne, don sare mata kai aka yi a 1536. Na Anne ta Cleves kan doki ne. Da aka fara yin ta a 1980 kunnuwan dokin a tsaye suke, suna yawan karyewa, sai kamfanin ya kwantar da su. Shi ya sa mai kunne a tsaye ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Na taɓa mallakar irinta, lafiyayya garau. Wani mutum ya zo da babbar riga da carbi, ya saya ko tayi bai yi ba. Ba a jima ba ya dawo, wai uwargida ta ce ba ta son gunki a falo. Na ga girmansa, na ƙirga masa kuɗinsa cif, har da rakiya bakin mota. Sai ranar da wani dillali ya haska mata fitilar nan mai shuɗin haske, kunnen hagu ya fito da wani launi daban. Gam ne da fenti! Ashe karyayya gare shi a gida, ya liƙa mata kunne ya kawo mini, tawa tana can a kabad ɗinsa. Dillalin ko rabin kuɗi bai taya ba. Har yau idan mun haɗu da mutumin a ɗaurin aure, shi ke fara miƙo hannu.

To, bi kunnen da farce. Tangaran na asali sanyi gare shi da santsi, wurin gyara kuwa ɗumi-ɗumi yake yana kama farce. Ƙwanƙwasa ta a hankali, mai tsaga ba ta amo. Kuma kayan da ya kwana a waje, kada ka karɓa sai na gani. Tashi ka ɗauko fitilar.