Me ke tsaga ƙarfen sitenles a gefen walda?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni mai walda ne a Agege, Legas. Na haɗa wa wani direba tankin ruwa na sitenles, yana jigila tsakanin Apapa da Mile 12. Cikin wata bakwai ƙafafun tankin biyu sun tsage daidai gefen walda, alhali bai taɓa yin lodi fiye da ƙima ba. Na bi tsagar da walda, ta sake buɗewa. Ƙarfen ne jabu, ko hannuna ne?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin ka zargi ƙarfen ko hannunka, ɗauki tsohon cokali ka riƙa lanƙwasa wuyansa gaba da baya. Za ka ji wurin ya yi ɗumi, ya ƙara tauri, can sai ya ɓalle. Lanƙwasa ɗaya ba ta karya shi ba, yawan maimaici ne. Wannan shi muke kira gajiyar ƙarfe, kuma tun wajen 1860 wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya yi nazarinsa a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa da ke karyewa haka kawai.

Tankinka ma abin da yake sha ke nan, sai dai ido ba ya gani. Kowane ramin hanya, kowane birki, kowane kaɗawar ruwa a ciki, lanƙwasa ce ƙarama. A ce ƙafar na jijjiga sau biyar a daƙiƙa: sau 18,000 ke nan a awa, ta haura miliyan ɗaya a mako idan ana aikin awa takwas kullum. Sitenles iri-iri ne, da lamba ake bambanta su. Lamba 304 sai an matsa masa wajen megafaskal 205 (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan) kafin ya lanƙwashe bai dawo ba, amma a gefen walda matsin da bai kai rabin haka ba yana iya buɗe tsaga idan ya yi ta maimaituwa. Nan ne kauri ke canzawa farat ɗaya, nan zafi ya bar ƙarfen a ɗaure, sai duk nauyin ya taru a layi guda. Ka duba fuskar karayar: za ka ga wuri mai santsi da zane-zane kamar sawun ruwa a kan yashi, inda tsagar ta yi ta rarrafe, sai gefe mai kaushi inda ya ƙarasa ɓallewa.

Iskar Apapa kuma, da yake kusa da teku ne, gishiri gare ta. Yana cin ƙananan ramuka a jikin 304, balle 201 mai arha, kowane rami kuma mafarin tsaga ne. Lamba 316 ta fi jurewa, saboda wani sinadari mai suna molibdenam, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, da ke cikinta. Kada maganaɗisu ya ruɗe ka ka ce ƙarfen jabu ne: 304 na gaske yakan ɗan kama shi a wurin da aka lanƙwasa.

Bin tsaga da walda kawai kuwa, ina roƙonka ka daina, domin bakinta na nan a ƙasa yana ci gaba. Huda ƙarshenta da ƙaramin rami, ka gurje ta gaba ɗaya, ka cike da sandar walda lamba 308L, ka goge gefen waldar ya yi sumul da faifan gurza da bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Sannan ka sa faranti mai zagayayyun kusurwoyi tsakanin ƙafa da jikin tanki, roba mai kauri a ƙarƙashi, da shinge a ciki don rage kaɗawar ruwa.